Lesin lissafi na ƙananan yara a Agege: abin da na gani kafin jarrabawar shiga makaranta

Tun da aka kafe sunayen yaran da aka ɗauka aka ga na autata a ciki, da wuya in shiga gidan suna ko Islamiyyar matan aure wata ba ta ja ni gefe ta tambaye ni inda na kai ta lesin ba. Wasu har cewa suke in karɓo musu fom. A tsaye ba a gama bayani, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi dalla-dalla, da daɗinsa da rashin daɗinsa. Ba zan kama sunan malamar ko na wurin ba, domin ban nemi izininta ba, kuma akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu. Mutanen Zangon Agege sun san gidan, bene ne mai hawa ɗaya a wani lungu da ba shi da nisa da titin jirgi. Yara suna kiranta Anti. Bayarabiya ce Musulma, haihuwar Agege, Hausa a bakinta tar babu gargada, kuma tana da mataimakiya Bahaushiya, yarinya mai haƙuri da yara.

Hukuncina shi ne kuɗin da na biya ya halatta, kuma zan sake biya. Sai dai wadda take neman inda za a ɗura wa ɗanta rubutun 1 zuwa 200 cikin wata guda, to ta nemi wani wuri, don Anti ba ta yin wannan, kuma tun ranar farko za ta faɗa miki.

Wanda ba ya zaune a Legas zai yi mamakin jin cewa ana yi wa yaro ɗan shekara huɗu jarrabawa. Tsarin ilimi na ƙasa bai ce haka ba. Abin da ya ce shi ne yaro ya shiga aji ɗaya na firamare yana ɗan shekara 6, bugun 2013 na tsarin ya ƙara shekara guda ta share fage kafin nan, kuma an rubuta ƙarara cewa wasa ne babbar hanyar koyar da yara a wannan mataki. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta sa karatun firamare ya zama kyauta kuma dole a makarantun gwamnati. Amma a garin nan makarantun kuɗi ne suka yi rinjaye. Ƙidayar da aka yi a jihar tsakanin 2010 da 2011 ta gano makarantu masu zaman kansu sama da 12,000. A cikinsu akwai na ɗaki biyu a bayan shago waɗanda duk wanda ya zo da kuɗi an ɗauke shi, akwai kuma waɗanda masu nema suka fi kujerun yawa. Su waɗannan na biyun su ne ke sayar da fom, su sa rana, su zauna da yaro su gwada shi. Makarantar da muke nema wa Auta a wajen Ogba tana cikinsu, yayyenta biyu can suke, kuma ɗaukar yara uku a Keke Marwa ɗaya ya fi mana sauƙi nesa ba kusa ba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi.

Ranar da na fara kai ta, Anti ba ta kawo fom ba, ba ta kuma yi maganar kuɗi ba. Ta shimfiɗa tabarma ta zauna a ƙasa tare da yarinyar, ta ce mata ta ƙirga. Auta ta zuba tun daga ɗaya har hamsin da Turanci, ba ta yi tuntuɓe ba, don ta ji a bakin yayyenta tun tana goye. Anti ta yaba mata. Sai ta juye wani kwano cike da marafan lemo a gabanta ta ce, "To ƙawata, ba ni guda biyar." Yarinya ta cika hannu biyu ta miƙa mata. Ta mayar ta ce a ba ta biyu, ta ba ta biyu daidai. Ta ce uku, ta ba ta uku. Da aka koma kan biyar, sai ta sake damƙowa. Daga nan ta jera mata marafai shida ta ce ta ƙirga da yatsa. Ta ƙirga, amma baki yana gaba yatsa yana baya, ta kai takwas. Da aka tambaye ta, "To guda nawa ne ke nan?" sai ta sake farawa daga ɗaya.

Anti ta juyo ta ce mini, "Hajiya, kin gani ko? Waƙar ƙirga ta iya, kuma abu ne mai kyau. Saura ta san cewa kowace lamba tana da nauyinta." Ta ce kada in damu, kusan duk yaran da ake kawo mata haka suke zuwa, kuma ba alamar daƙiƙanci ba ce. Yaro yakan fara gane ma'anar ɗaya, bayan watanni ya gane biyu, sannan uku, sai kuma wata rana abin ya buɗe masa ya fahimci cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce adadin kayan gaba ɗaya. Kafin wannan buɗewar, ko ya rera har ɗari, ba zai iya kawo maka cokali biyar daga kicin ba.

Ni na yi NCE, wato karatun koyon malanta, a Zariya kafin aure ya kawo ni Legas, kuma maganarta ta tuno mini da darasin halayyar yara. An koya mana gwajin Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan: a jera abubuwa layi biyu masu adadi ɗaya, yaro ya yarda daidai suke, sai a baza layi ɗaya ya yi tsawo a gaban idonsa, a tambaye shi wanne ya fi yawa. Yawancin yara 'yan ƙasa da shekara shida ko bakwai za su nuna mai tsawon. Mun haddace wannan don cin jarrabawa, amma a ɗakin Anti na ga an yi shi da 'yar cikina, ta kuma nuna mai tsawon da ƙarfin gwiwarta. Abin da ya sa na amince da matar nan tun a ranar shi ne ba ta gyara mata ba. Cewa ta yi wannan ba a koyar da shi da baki, hannu ne zai koya mata a hankali.

Ɗakin karatun falo ne da aka kwashe kujerunsa. Babu benci, babu babban allo. Akwai tabarmi da 'yan kantoci gajeru daidai tsayin yara, kowane kaya da mazauninsa. Anti ta yi kwas na tsarin Montessori, wato tsarin Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907. A Legas makarantu da yawa suna rubuta wannan suna a allon ƙofarsu, ka shiga ka tarar da yara arba'in a benci suna bin malama da ihu. A nan kam na ga kayan, na kuma ga ana aiki da su. Na waje suna da tsada, don haka yawancinsu wani kafinta ta ba ya yi mata.

Akwai sanduna goma masu fentin ja da shuɗi gaɓa-gaɓa. Ƙaramar santimita 10 ce, kowace tana ɗara ta baya da santimita 10, har babbar ta kai mita guda. Yaro da kansa zai ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ya kawo kan tabarma, kuma kafin ya kawo ta goma sai ya buɗe hannuwansa duka biyu. Ta haka jikinsa ke gaya masa cewa goma ta fi uku kafin a nuna masa yadda ake rubuta su. Akwai lambobi da aka yanka daga takarda mai kaushi irin ta goge katako aka manna a kan allunan hannu, yaro yana bin su da yatsa biyu yana faɗin sunansu, daga nan ya je farantin yashi ya zana. Fensir sai daga baya.

Wanda ya fi burge ni shi ne akwatin tsinkaye. Akwati ne mai gida goma, an rubuta 0 zuwa 9 a jikin gidajen, sai kwando ɗauke da 'yan sanduna 45 cif. Yaro zai sa ɗaya a gidan ɗaya, biyu a gidan biyu, har ya kai tara. In ya yi daidai, kwandon zai ƙare tas a daidai lokacin da ya cika gidan tara. In ya ga saura a kwando, ko suka ƙare masa tun yana gidan takwas, shi da kansa ya san akwai inda ya kauce, sai ya koma ya bincika, babu wanda ya ce masa ya faɗi, babu jan biro. Gidan sifili kuwa haka ake barinsa wayam. Auta ta daɗe tana jin tausayin wannan gida tana saka masa guda ɗaya, sai ta zo ƙarshe ta ga ɗaya ta ɓace mata a gidan tara. Ranar da ta gane, da ta dawo gida ta buɗe tukunyar da aka wanke ta ce wa babanta, "Baba, nama sifili ne a ciki." Wannan akwati kowace uwa za ta iya yin irinsa da gwangwanayen madara goma da tsinken tsire da aka datse wa kaifi.

Sauran kayan duk na gida ne: ƙwallon dabino, 'ya'yan tsamiya, maɓallai, marafan kwalba. Tana lura sosai da masu saka abu a baki ko a hanci, ƙananan ƙwayoyi ba ta ba wa 'yan ƙasa da shekara huɗu.

Maganar harshe ita ce ta fi damuna kafin in je. Yaranmu na Agege Hausa suke ji a gida, Yarabanci da Turancin buroka a layi, Larabci a Islamiyya, jarrabawar kuma da Turanci za a yi. Lesin da yawa suna hana yaro buɗe baki da Hausa, har da duka. Anti tana fara wa yaron Bahaushe da Hausa. Dalilinta shi ne ƙirgan Hausa yana nuna wa yaro ginin lamba a fili: in ya ce goma sha uku, ya riga ya faɗi cewa goma ce da uku a kanta, sai ta ɗora masa sandar goma da ta uku ya gani. A Turanci kuwa sunayen 11 da 12 ba sa nuna komai, kuma 13 da 30 ko 14 da 40 sun yi kama a kunnen yaro har su rikita shi. Idan adadin ya zauna masa da harshen gida, sai ta ɗora sunan Turanci a kai, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Na ga haka a kan Auta. Yanzu in kakarta ta aike ta da Hausa ta kawo goro bakwai za ta kawo, in yayarta ta faɗa da Turanci ma za ta kawo.

Akwai wani wasa da suke yi kusan kullum kafin a tashi. Dogon kwali ne da aka raba gida goma a jere, an rubuta 1 zuwa 10, kowane yaro da marfin lemonsa. Ana juya wani ɗan faifai da ke nuna ɗaya ko biyu, yaro ya matsa gaba. Ƙa'idar ita ce ba zai ce "ɗaya, biyu" ba, sai dai ya faɗi lambobin gidajen da yake takawa: in yana kan huɗu ya samu biyu, zai ce "biyar, shida". Da na ce mata wannan ai ɗan'uwan lido ne, sai ta ce haka ne, amma wasu masu bincike biyu a Amurka, Siegler da Ramani, sun gwada irinsa a 2008 da yaran marasa ƙarfi 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Zama huɗu kawai na kamar minti 15 cikin mako biyu ya ƙara musu iya gane lambobi da sanin wadda ta fi wata girma, kuma da aka sake gwada su bayan mako tara abin bai gushe ba. Yaran da suka yi wasan da kwali mai launuka babu lambobi ba su samu wannan ƙarin ba. Mun yi namu a gida da bayan kwalin indomi. Yayyen ma suna shiga, har faɗa ake a kan wa zai fara.

Aikin gida na rubutu ba ta bayarwa a watannin farko, kuma a nan ne muka ɗan samu saɓani da maigida. Shi harkar albasa yake a kasuwar Mile 12, mutum ne da lissafin buhu ɗari ba ya ɗaukar masa minti guda a ka. Da ya ga an kwana biyu babu littafi mai jan maki, sai ya ce, "Wai ni kuɗin wasa da marfin kwalba muke biya ne?" Na ce masa, "Alhaji, kai wa ya koya maka lissafi, littafi ko kasuwa?" Ya yi shiru, daga baya ya ce shi tun yana yaro kashin albasa yake kasawa uku-uku a gaban mahaifinsa a Aliero. To abin da Anti ke turo mana ke nan a maimakon littafi. Takan rubuto a 'yar takarda: yau ta raba wa mutanen gida cokula, kowa ɗaya, ta faɗi ko sun isa, yau ta ƙirga matakalar bene hawa da sauka, yau a ba ta tumatir ta ware manya da ƙanana ta faɗi wane kashi ya fi yawa. Daga baya shi da kansa yake zaunar da ita bayan sallar isha'i yana kasa mata gyaɗa, ya ɓoye biyu a tafin hannu ya ce saura nawa.

Sai da jarrabawa ta rage kamar wata ɗaya da rabi sannan salon ya canza. Anti ta san irin abin da makarantun yankin Agege da Ogba da Ikeja ke tambaya, don ta daɗe tana tura yara. Aka fara zama a tebur, aka fara riƙe fensir, ana gane lambobi a rubuce ba a jere ba, ana cike gurbin wadda ta ɓace, wace ce kafin bakwai, wace ce bayanta. Aka shiga siffofi, da'ira da murabba'i da mai kusurwa uku, da launuka, da babba da ƙarami, dogo da gajere, sama da ƙasa, duk da Turanci yanzu. Ana koya musu faɗin cikakken suna da shekaru da sunan unguwa, da yadda za su gaida wanda ba su sani ba su kuma dube shi su amsa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan Bahaushe, don mu tarbiyyarmu ita ce yaro ya sunkuyar da kai a gaban babba, mai gwajin kuma yana iya ɗaukar hakan a matsayin rashin sani. Anti ta gane wannan, ba ta kuma ce musu kunya laifi ce ba. Cewa take, "A gida a sunkuya, a gaban malama a ɗago a yi magana da ƙarfi."

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba.

Rubutu ya zo a makare. Na yarda da ita cewa yatsun ɗan shekara huɗu ba su gama ƙwari ba, kuma tilasta masa cika shafi da lambobi na iya sa ya tsani karatun. Amma tun da ta san akwai makarantun da ke cewa a rubuta 1 zuwa 20, wasu har 50, ya kamata a fara ɗan motsa hannun da wuri, ko da minti biyar ne a rana. Makonnin ƙarshe sun yi wa yaran nauyi saboda an tara musu abin da ya kamata a baza. Auta ta shiga jarrabawa tana juya 3 da 7 baya. Na san juya lamba abu ne da yara ke yi har wajen shekara bakwai, ba ciwo ba ne, amma ba kowane mai gwaji ne zai yi wannan uzurin ba.

Na biyu, gwajin share fage da take shiryawa ranar Asabar biyu kafin jarrabawa. Tana kawo wata malama baƙuwa, a hana iyaye hawa bene, a riƙa shiga da yara ɗaya-ɗaya. Niyyar mai kyau ce, amma baƙuwar da ta kawo a namu zagayen fuskarta a ɗaure take, muryarta a sama, kuma an bar yaran suna jira a baranda fiye da awa guda cikin zafi. Uku sun fito da kuka. Ɗaya daga cikinsu, ɗan maƙwabciyata, tun daga ranar ya ƙi yarda a ambaci kalmar jarrabawa a gabansa. Na gaya wa Anti wannan baki da baki, na ce abin da aka gina a wata huɗu bai kamata a rushe shi a safiya ɗaya ba. Ta saurare ni, ta ce za ta canza a zagaye mai zuwa, amma kuɗin wannan gwajin daban ake biya, kuma ni shawarata ga uwar da ɗanta ke da tsoron baƙi ita ce ta bar shi. Gara ki kai shi gidan wata ƙawarki da bai saba da ita ba, ta zauna da shi ta yi masa tambayoyin cikin fara'a.

Na uku, wurin da kansa. Fanka ɗaya ce a falon, babu janareta, in an ɗauke wuta a watan Maris yaran jiƙewa suke da gumi. Banɗaki ɗaya ne, ko da yake a tsaftace yake. Matakalar benen tana da tsayi kuma ƙarfen riƙewa a gefe ɗaya kawai yake. Babu wurin zaman iyaye, sai dai ki tsaya a ƙofar mai shagon ƙasa. In damina ta sauka, lungun yana cika da ruwa har Keke Marwa ba ya shiga, sai an goyo yaro. Akwai kuma wani littafin aiki da take sayarwa, bugun waje, cike da hotunan dusar ƙanƙara da kuɗin ƙarfe na Amurka. Yaron da ko kwabon Najeriya bai taɓa riƙewa ba, me zai gane a nan? Na ga ya fi amfani a ba shi takardun naira goma da ashirin da hamsin ya yi wasan shago da su. Ba dole ba ne sayen littafin, kada ki saya.

Abin da ta yi da ya cancanci yabo ta fuskar lokaci shi ne ta san yaranmu suna Islamiyya da yamma daga Asabar zuwa Laraba, don haka ta ware wa yaran Hausawa yammacin Alhamis da na Juma'a bayan la'asar, sai safiyar Asabar. Kowane zama awa ɗaya da kwata ne, kuma ba ta wuce yara takwas a rukuni, ita da mataimakiyarta. Da azumi ta mayar da shi safe gaba ɗaya. Ban taɓa ganin bulala a ɗakin ba, ban kuma ji tsawa ba. Yaron da ya gaji ana barinsa ya kwanta a gefen tabarma. Mu naira dubu 20 muka riƙa biya a wata, gwajin share fage dubu 5, amma ki tambaya da kanki don komai na garin nan tashi yake.

Ranar jarrabawar ainihi ba a bar mu mun shiga ba, amma ƙofar a buɗe take ina hango su. Bai wuce minti ashirin ba. An tambaye ta sunanta da shekarunta, an nuna mata katunan lambobi a hargitse, an ba ta fensir ta rubuta 1 zuwa 10, an sa ta nuna siffofi. Sai malamar ta zuba 'yan tubalan roba a tebur ta ce ta ba ta shida. Na ga yarinyar nan tana jawo su ɗaya bayan ɗaya zuwa gefe, tana taɓa kowanne, ta tsaya a kan shida ta tura mata. Malamar ta ɗauke biyu ta tambaye ta saura nawa, ta duba ta ce huɗu ba tare da ta sake ƙirgawa ba. Da aka fito, malamar ta ce mini rubutun yana buƙatar aiki, 3 ɗinta a juye take, amma za su gyara wannan a aji. Ta ce abin da suka fi wahala da shi shi ne yaran da ke zuwa da ƙirga har ɗari a baki amma ba sa iya ba ka abu shida.

Kada wata ta ɗauka duk wanda ya je wurin Anti ya samu shiga. Ɗan maƙwabciyar tawa ya fi Auta kaifin lissafi, ni shaida ce, yana haɗa huɗu da uku a ka. Da aka shiga da shi ya ƙi cewa uffan, aka ce a dawo da shi zango mai zuwa. Uwar ta yi kuka, kuma na ji zafin abin har raina, don gwajin minti ashirin a gaban baƙuwar fuska ba ya auna abin da ke kan ɗan shekara huɗu. Yunwa ko barci ko sabon takalmi mai matsi duk suna iya kayar da shi. Ta kai shi wata makaranta a Dopemu da ba ta yin gwaji, kuma yana can yana karatunsa lafiya. Duk wadda za ta kai yaro irin wannan jarrabawa, ta tabbata ya yi barci sosai, ya karya da abin da ya saba ci, kuma kada a yi ta nanata masa a hanya cewa kada ya ba mu kunya.

Wadda ɗanta bai kai shekara uku da rabi ba, ban ga dalilin biyan kuɗin lesin ba, ko a nan ko a wani wuri. Ki ƙirga masa lomar tuwo, ki sa shi ya miƙo miki albasa biyu, ya ishe shi. Daga shekara huɗu, in kina da hali kuma makarantar da kike nema tana gwaji, wurin Anti ya fi duk lesin da na leƙa a tsakanin Zango da Pen Cinema, kuma ki kai shi da wuri, tun watan Janairu, don yawancin makarantun suna gwajinsu ne kafin hutun ƙarshen shekarar karatu, a fara karatu a Satumba. In kuma unguwarku da nisa, Idi-Araba ko Obalende ko Alaba Rago, kada ki ɗora wa yaro wahalar go-sulo saboda lesin awa guda. Ki nemi na kusa da ke, amma kafin ki biya ki roƙi malamar ta bar ki ki zauna a zama ɗaya. Ki duba ko akwai abin da yara ke taɓawa da hannu ban da fensir, ki ga abin da take yi in yaro ya ba da amsar da ba daidai ba, ki tambaye ta ko tana barin yaro ya amsa da Hausa. Anti tana barin iyaye su zauna ranar Alhamis ta farko, a bayan ɗaki, da sharaɗin ba za ki sa baki ba ko kin ga ɗanki yana kuskure.

Auta za ta ci gaba da zuwa ranar Asabar kawai a zangon nan, don Anti ta ce yanzu za su shiga duwatsun ado da ake koyon goma-goma da ɗari-ɗari da su. Mu iyayen rukuninmu kuma mun yi magana za mu haɗa kuɗi a sayi fanka mai caji a kuma sa wa benen ƙarfe a ɗaya gefen kafin zafi ya dawo.